Yadda ake tsima ragowar kabeji, karas da tumatir su zama abincin turka

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano tsakanin Janairu da Maris, ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, ya san warin da nake nufi. Kwandunan tumatir na ta hawa manyan motoci za su Kudu, a gefe kuma ga tsibin wanda ya fashe an juye. Ka shiga gonakin Kadawa da Bunkure, ko na Auyo a ƙasar Haɗeja, ko ka leƙa kasuwar Yankaba a birni, labarin ɗaya ne: ganyen kabeji na baya da aka ɓare kafin a cusa a buhu, ganyen karas da aka guntule, yaɗon dankali, tuƙar tumatir da masu markaɗe da masu cire iri suka tace. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman rani ya zauna a yankin nan, wannan juji yake tare da mu. Kwana biyu ya narke. Sai Afrilu da Mayu su zo, ka ga mutumin da ya tsallake tsibin yana toshe hanci shi ne a kasuwa yana cinikin damin harawa kamar zai yi hawaye.

Abin da ke haɗa waɗannan lokuta biyu shi ne sailej, wato ɗanyen ganye da aka tsima a rufe ba iska har ya yi tsami ya daina lalacewa. An fi saninsa da masara da dawa, amma ragowar kayan lambu ma suna yi, sai dai sun fi masara rigima, kuma rigimar tasu ruwa ce.

Masu aikin na gaskiya

Ba kai kake yin sailej ba. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, suke kuma sa kamu tsami idan ya kwana. Zan kira su ƙwayoyin tsami. Suna nan a jikin kowane ɗanyen ganye, 'yan kaɗan, a cikin taron wasu ƙwayoyin da ba alheri suka zo yi ba. Abincinsu sukarin da ke cikin ganye, abin da suke fitarwa kuma asid ɗin laktik ne, tsamin nan na nono. Idan tsami ya yi yawa, masu ruɓar da abu ba sa iya rayuwa, daga baya su kansu ƙwayoyin tsamin su lafa, abinci ya tsaya cak wata da watanni.

Masana na auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru. Ruwan sha yana wajen 7, sailej mai kyau yana sauka zuwa 4.2 ko ƙasa kaɗan. A kwanakin farko masu saurin tashi irin su Leuconostoc da Weissella ke fara aiki, sannan Pediococcus da Lactobacillus plantarum, wanda ya fi kowa jure tsami, su karɓe fage. A 2020 an sauya wa wannan na ƙarshe suna zuwa Lactiplantibacillus plantarum, don haka idan ka ga sunan biyu a jikin fakiti kada ka ruɗe, abu ɗaya ne. Abokan gabarsu kuwa kashi biyu ne. Funfuna da yis suna son iska. Clostridium ba ya son iska, amma yana son laima da ƙasa, shi ne ke sa sailej warin ruɓaɓɓen man shanu yana cinye furotin ɗinsa. Kai naka shi ne ka shirya wa ƙwayoyin tsami wurin da za su riga kowa: zaƙi isasshe, ruwa daidai, iska babu.

Tun a wurin kwasa ake fara tsima

Je da sassafe, ranar da aka gyara kayan. Ganyen da ya kwana biyu a tsibi yana zafi a ciki ya riga ya ƙone sukarinsa, masu ruɓarwa sun yi sansani. Tumatir da ya fashe yau ɗauke shi, wanda ya yi baƙi ko farin gashi bar shi a nan. Tsima ba ya gyara ruɓaɓɓe, yana dai tsare mai kyau.

Ka guji ƙasa. Kada ka share har ƙasan tsibi da shebur, ka kaɗe saiwar da ta zo da laka, karas mai taɓo a ɗauraye a bar shi ya tsane. Ka tsince leda da igiyar buhu da ƙusa. Mushen ɓera ko ƙadangare ko ɗan tsako guda ɗaya a cikin duron da za a tsima abincin yana iya haifar da gubar da ke shanye jikin dabba ta kashe ta, don haka a duba da kyau.

Ka tambayi mai gona yaushe ya yi feshi na ƙarshe. Tun shekarar 2016 da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke ce wa sharon, ta cinye tumatir a Kano, hannun mutane ya yi nauyi a kan maganin ƙwari, kuma tsami ba abin dogaro ba ne wajen kashe maganin feshi. Haka kayan da aka shayar da ruwan kwatar masana'antu: dalma da danginta ba sa fita don an tsima. Ganyen tumatir da karansa, da tsiron dankalin Turawa da ɓawonsa da ya yi kore, ni ba na sa su ko kaɗan, suna da guba ta halitta. Lawashi da ɓawon albasa kuma a yi musu ƙwauro, don albasa idan ta yi yawa tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga shanu. 'Yan kaɗan da suka cuɗu ba komai.

Maganar ruwa

A nan ake faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Duron farko da na cusa zallar ganyen kabeji ne da fasasshen tumatir, na danne, na rufe, ina ta murna na samu abincin banza. Da na buɗe bayan wata guda, rabin duron baƙin ruwa ne, abin da ke iyo a kai kuma yauƙi ne mai warin da ya sa uwargida ta ce, "Malam, ko ka fitar da shi ko mu mu fita." Ko akuya ba ta sansana ba.

Dalili a fili yake. Kabeji fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, tumatir ya kai 94. Sailej kuwa yana son ruwa tsakanin kashi 65 zuwa 70, wato busasshen abu ya zama kashi 30 zuwa 35. Idan ruwa ya wuce haka, tsamin da ƙwayoyi ke yi sai ya tsinke, Clostridium ya samu gida, sukari da sauran amfanin kuma su bi ruwa su kwanta a gindi.

Hanya biyu ce, kuma haɗa su ake yi. Ta farko shanya. Allah ya yi mana gata, lokacin da kayan lambu ke yawa shi ne lokacin da iskar hunturu ke busar da leɓe. Yayyanka ganyen da adda a kan katako, tsawon gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3, ka baza a kan tamfol ba kauri, ana juyawa. Daga hantsi zuwa la'asar ganyen karas da yaɗon dankali sukan yi yaushin da ake so. Kabeji mai kaurin jijiya yakan nemi ƙarin yini. Ba busarwa za ka yi ba kamar kauɗa, yaushi kawai, ya yi laushi kamar tsohon tsumma. Kada ya kwana a tare, a bar shi a baje.

Ta biyu a haɗa da busasshen abu mai shan ruwa: dusar masara, dusar alkama, dusar gero, kowar wake, dakakkiyar harawa ko yankakken karan dawa. Ga lissafin da ya sa nake nacewa a kan shanya. Ɗanyen kabeji kilo 100, busasshen abin cikinsa kamar kilo 10 ne. Kafin ka kai shi kashi 30 da dusa kaɗai, sai ka zuba wajen kilo 33. Amma in ka shanya shi ya koma kilo 50, dusa kilo 8 da ɗoriya ta isa. Shanyar nan ta tsame maka kilo 25 na dusa, ga farashinta a bazara ka san me hakan ke nufi.

Tumatir da tuƙarsa ba sa shanyuwa cikin sauƙi. Zuba su a buhun da ke tsiyaya, ka ɗora dutse, su tsane na 'yan awoyi, sannan ka cuɗa da dusa da yankakken kara. Tuƙar nan kada ka raina ta, 'ya'yan da ke ciki suna da mai da furotin, idan ta bushe kusan kashi ɗaya cikin biyar furotin ne. Kuma da yake tumatir da tsaminsa ya zo, yana taimaka wa haɗin ya sauka da wuri. Buntun shinkafa yana da araha a Kura, na sani, amma ba ya shan ruwa sosai kuma ba shi da amfani a cikin dabba. Cika duro kawai zai yi.

Ba sai da sikeli za ka gane ka kai ba. Ɗebi haɗin cike da hannu ka matse da ƙarfi kamar rabin minti. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, da saura, ƙara dusa. Idan ka buɗe hannu dunƙulen ya tsaya, tafinka ya yi damshi amma ba ɗigo, sannan ya fara buɗewa a hankali, ka samu. Idan ya watse nan take kamar ƙaiƙayi, ya bushe da yawa, ba zai dannu ba, sai ka ƙara ɗanyen ganye.

Zaƙi da irin tsami

Kabeji da karas da ɓawon kankana suna da sukarinsu. Amma haɗin da kara ko harawa suka yi yawa a ciki yana son taimako, don dusa gari ce, ƙwayoyin tsami kuma akasarinsu ba sa cin gari kai tsaye. Inda ake samun molasis, baƙin maɗin da ke ragewa a masana'antar sukari, kilo 3 zuwa 5 ake sa wa kilo 100 na haɗi. In babu, mazarƙwaila kilo 1 zuwa 2 a narke a ɗan ruwa kaɗan ta yi. Kaɗan fa, kada ka mayar da ruwan da ka sha wahalar korewa.

Akwai irin ƙwayoyin da kamfanoni ke sayarwa a fakiti, garin da ake damawa a yayyafa, ana neman ƙwaya dubu 100 zuwa miliyan 1 a kowane giram na ganye. Wanda ya samu ya bi abin da aka rubuta a jiki, ya kuma tabbata ba a rana aka ajiye shi a shago ba, don abu ne mai rai. Idan ka ga sunan buchneri a jiki, wannan yana ƙara tsami irin na binega, wanda ke hana sailej yin zafi bayan an buɗe. A zafinmu wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai yana son a ba shi wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin aikinsa ya nuna.

Mafi yawanmu ba za mu ga fakitin ba, kuma ba dole ba ne. Kwana 3 kafin ranar cusawa, samu lafiyayyen ɗanyen ganye giram 200, a daka ko a markaɗa da ruwa lita 1, a tace, a zuba sukari giram 20, kamar cokali biyu na cin abinci ba tozo. A ɗura a gora a cika ta kusan baki, a rufe, a ajiye a ɗaki. Kullum a ɗan sassauta murfin iska ta fita a mayar. Bayan kwana 2 zuwa 3 zai yi ƙamshin tsami, ƙwayoyin da ke jikin ganyen sun hayayyafa ke nan. Lita 1 ta isa kilo 100. In ya yi wari, zubar ka sake. Ruwan da ke kwanciya a kan kamu shi ma yana ɗauke da ƙwayoyin da suka saba da tsiro. Nono da kindirmo ba za su cutar ba, amma nasu ƙwayoyin da madara suka saba, ni na fi son nonon ya tafi cikin fura.

Abu ɗaya da hannun makiyayi ke saurin kaiwa gare shi: kanwa. Kada ka sa. Kanwa da toka kashe tsami suke yi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Takin yuriya ma haka, ba na wannan haɗin ba ne. In za ka ba dabba kanwa, ba ta daban.

Cusawa da rufewa

Ga mai raguna da dama, shuɗin duron roba mai murfi da zoben ƙarfe ya fi komai. Mai lita 200 yana cin kilo 120 ko fiye in an danne da gaske. A tabbata ba maganin ƙwari ko wani sinadari aka taɓa zubawa a ciki ba. Wanda ba shi da duro ya sa leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, a cikin buhu. Matan da ke turka a cikin gida bokitin fenti mai murfi ma ya ishe su, har ya fi, don ana cinye shi da wuri bayan an buɗe. Rami sai mai shanu da yawa: a tudu, a shimfiɗe shi da leda ta ko'ina, a rufe da leda, a bi da ƙasa mai nauyi.

Zuba dusa ko yankakken kara kamar kaurin tafin hannu a gindin duro don ya tare abin da zai tsatso. Cuɗa haɗinka a kan tamfol, ana yayyafa ruwan zaƙi da na iri har ko'ina ya samu. Sai a zuba kaɗan-kaɗan, kamar taƙi ɗaya, a danne, a ƙara. Yaro mai wankakkiyar ƙafa ya shiga ya tattake, a bi gefe-gefe da taɓarya, don a jikin bango iska ke ɓuya. Wurin da ka ga ya cika, danna kuma, za ka sha mamakin abin da zai ƙara ci. Duk iskar da ta rage, ganye zai yi ta numfashi da ita yana ƙona sukari yana zafi, kuma sukarin nan na ƙwayoyin tsami ne.

A cika a rana ɗaya. Kada a ce rabi yau rabi jibi. A cika har baki, a shimfiɗa leda a kan abincin ta manne da shi, a sa murfi a ɗaure zobe. In leda ce, a matse iskar daga ƙasa zuwa sama, a murɗe bakin, a naɗe shi, a ɗaure da robar tayar keke. Rubuta ranar a jiki da gawayi ko fenti, mantuwa ba ta da wuya.

A ajiye a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko a zaure. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, duron da ke tsakiyar rana dafuwa abin ciki zai yi. Buhu a ɗora shi a kan katako saboda gara da ɓeraye, a kuma tsare shi daga kaji. Duk hudar da ka gani, liƙe ta a ranar.

Kwanakin farko murfi zai kumbura ko leda ta cika kamar balan-balan. Iskar da tsiman ke fitarwa ce, alamar aiki na tafiya. A ɗan sassauta ta huce a mayar nan da nan, ba tare da an ɗaga murfi ba, kuma kada a sa hanci a shaƙa, musamman in ganyen ya sha takin zamani da yawa. Daga nan sai haƙuri. Mafi ƙaranci kwana 21, ni nakan bar shi 30 zuwa 40. Leƙe don ganin ko ya yi shi ne ke hana shi yi. Wanda ya cusa a Fabrairu, in rufin bai samu matsala ba, yana da abinci har saukar damina, kuma a 'yan shekarun nan da Babbar Sallah ke faɗowa a ƙarshen bazara, lokacin ya yi wa masu ragon layya daidai.

Ranar buɗewa

Hanci ne alƙali na farko. Mai kyau yana ƙamshin tsami mai daɗi, tsakanin nono da tsamiya. Launinsa kore mai ratsin ɗorawa ko ruwan ƙasa mai haske, ganyen yana nan da siffarsa, ba ya yauƙi, in ka wanke hannu warin ya tafi. Ɗan ƙarfin binega ba laifi. Warin ruɓaɓɓen man shanu, ko na fitsari, ko na mushe, da baƙi da santsi, wannan taki ne, kai shi gona. Wanda ya yi duhu yana ƙamshin taba ko ƙonannen sukari, iska ta shige shi ya yi zafi. Dabba za ta ci da marmari amma amfaninsa ya ragu. Mai takardar gwajin pH ya jiƙa ɗan sailej a ruwa mai tsabta ya tsoma, in ya wuce 5 a haɗi mai laima irin wannan, a yi hattara.

Funfunar da ke sama a kwashe ta har da abin da ke ƙarƙashinta kamar faɗin hannu, a zubar inda dabba ba za ta kai ba. Kada tausayin asara ya sa ka ba su. A irin wurin nan da tsami bai kama ba ƙwayar cutar Listeria ke zama, mai sa tunkiya ta karkace wuya tana zagaye wuri ɗaya, mai ciki kuma ta yi ɓari.

Ciyarwa

Tumbin dabba yana son sabo. Fara da cikin hannu ɗaya a cuɗe da dusar da rago ya sani, ana ƙarawa a hankali cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Wasu za su yi ta hura hanci kwana biyu kafin su yarda, kada ka karaya. Babban rago ko bunsuru kilo 1 zuwa 2 a rana ya isa, saniya kilo 8 zuwa 12, kuma kullum da busasshiyar harawa ko ciyawa a gefe. Kada sailej ya wuce rabin abincin yini. Wanda kabeji ya fi yawa a ciki a tsaya a kashi ɗaya cikin uku, don dangin kabeji in sun yi yawa suna rage jini. In ka ga zawo, ko fitsari ya yi ja, ko cikin fatar ido ya yi fari, janye shi ka nemi likitan dabbobi. Saniyar tatsa a ba ta bayan an tatse, kada madara ta ɗauki wari. 'Yan raguna da maruƙan da ba su fara tuƙa ba a bar su tukuna, doki da jaki kuma ban ba da shawarar a ba su ba.

Da zarar an buɗe duro, yis da funfuna sun farka. Kwashi daga sama bai ɗaya, kaurin santimita 10 zuwa 15 a kullum, kada ka haƙa rami a tsakiya, ka mayar da ledar ta manne ka rufe. Wannan ne dalilin da ya sa mai rago biyu gara ya cika bokiti goma da ya cika duro ɗaya, don ba zai iya cin duron da saurin da ake so ba. Ɗebi na ci ɗaya kawai. Abin da ya rage a komi da yamma a share a zubar, in ka sa hannu a cikin duron ka ji ɗumi, ƙara yawan abin da kake kwasa ko ka raba da maƙwabci kafin ya juya.